Juliya Margaret Cameron, matar da ta mai da akurkin kaji ɗakin ɗaukar hoto

Dattijanmu ba su manta da mai hoto na bakin kasuwa ba, wanda yakan kafa akwatinsa bisa ƙafafu uku, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya umurci mutum ya tsaya cik kada ya motsa. Irin hoton nan shi ake liƙawa ga katin ɗan ƙasa. Aikinsa guda ne: ya nuna hanci da ido da kunne, don ma'aikaci ya duba ya tabbata mai katin ne ke tsaye gabansa. Amma akwai wani irin hoto dabam, wanda ake so a ga halin mutum cikinsa, da tunaninsa, da abin da shekaru suka rubuta ga fuskarsa. Yau za mu ba masu karatu labarin wata mata da ta sa ƙarfinta duka ga wannan irin hoto na biyu. Ta sha ba'a a kansa tana da rai, amma yanzu manyan gidajen tarihi na duniya suna alfahari da ayyukanta.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi Juliya Margaret a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, ran 11 ga watan Yuni na shekarar 1815, zamanin da Ingilishi ke riƙe da ƙasar. Mahaifinta, James Pattle, ma'aikaci ne na kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya. Mahaifiyarta kuwa jinin Faransawa ce. Don haka aka kai Juliya Faransa wurin kakarta, can ta yi yawancin karatunta. Su bakwai ne mata da suka rayu har suka girma a gidansu. An san ƴan'uwanta da kyan fuska, ita kuwa an san ta da kaifin hankali, da yawan magana, da kyauta wadda ba ta da iyaka.

A shekarar 1836 rashin lafiya ya kai ta Afirka ta Kudu neman sauƙi. Can ta gamu da mutum biyu da suka canza rayuwarta. Na farko shi ne Charles Hay Cameron, masanin shari'a, wanda ya girme ta da shekara 20, suka yi aure a Kalkata a 1838. Na biyu shi ne John Herschel, babban masanin taurari, wanda ya zo ƙidayar taurarin sararin kudu. Herschel ya san ilimin haɗa magunguna ƙwarai, kuma yana cikin waɗanda suka share wa sana'ar hoto hanya. Da aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a 1839, shi ya riƙa rubuto mata labarin abin, har ya aiko mata da hotunan farko-farko ta gani da idonta tana Indiya. Abota ta ɗore tsakaninsu har mutuwarsa.

A 1848 mijinta ya bar aiki, suka koma Ingila. Ta haifi ƴaƴa shida, maza biyar da mace ɗaya, ta kuma riƙi marayu na dangi. Dukiyar gidan tana cikin gonakin gahawa da maigidan ya saya a tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka tun 1972. A 1860 suka zauna a ƙauyen Freshwater, cikin tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, maƙwabtaka da Alfred Tennyson, wanda shi ne sarkin mawaƙan fadar Ingila a wannan zamani. Suka raɗa wa gidansu suna Dimbola, sunan wata gonarsu ta Silon.

Kyautar da ta zo da tsakar rayuwa

A watan Disamba na 1863 Juliya tana da shekara 48. Ƴaƴa sun girma sun watse, maigida ya yi tafiya Silon duba gonaki, gida ya yi mata faɗi. Sai ƴarta, takwararta, da mijin ƴar suka kawo mata kyautar akwatin ɗaukar hoto, don ta sami abin ɗebe kewa. Abin da suka ɗauka wasa ne ya zama mata sana'a. Ta kori kaji daga akurkinsu mai rufin gilashi, ta mai da shi ɗakin ɗaukar hoto, don haske na shigarsa sosai. Ɗakin ajiyar gawayi kuma ta mai da shi ɗakin duhu, inda ake wanke hoto. Ta yi ta ɓata gilashi da magani har makonni. A ƙarshen watan Janairu na 1864 ta ɗauki hoton wata yarinya mai suna Annie, ya fito yadda take so. Ta rubuta a jikinsa cewa wannan ita ce nasararta ta farko.

Don mai karatu ya san nauyin wannan nasara, wajibi ne mu bayyana yadda ake yin hoto a lokacin. Babu fim, balle waya. Dabarar da ake aiki da ita wani Ba'ingile mai suna Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851, ana kiranta dabarar jiƙaƙƙen gilashi. Da farko a goge faifan gilashi tas. Sa'an nan a zuba masa wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyon, ana karkata gilashin da hannu har ruwan ya bi ko'ina daidai. Daga nan a shiga ɗakin duhu a tsoma shi cikin ruwan da aka narka gishirin azurfa a ciki, wanda shi ke sa gilashin ya riƙa kama haske. Sai a gaggauta sa shi cikin akwati, a buɗe idon akwatin, a ɗauki hoton, a komo ɗakin duhu a wanke. Dukan wannan tilas a gama shi kafin gilashin ya bushe, wato cikin minti 10 zuwa 15. In ya bushe, aiki ya ɓaci.

Abin da ke fita bisa gilashin shi ne uwar hoto, inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari. Don a sami hoton kansa, sai a ɗauko takarda da aka shafa wa farin ƙwai da gishiri, a jiƙa ta da ruwan azurfa, ta bushe, a haɗa ta da gilashin fuska da fuska, a shanya ga rana. Rana ita ke buga hoton. Bayan haka a wanke shi da ruwan zinariya, wanda ke ba shi launin ƙasa-ƙasa mai duhu, a kuma ɗauraye shi da ruwa mai yawa. A gidan Juliya daga rijiya ake jawo wannan ruwa. Tun da haɗa takarda da gilashi ake yi, girman hoto daidai yake da girman gilashi: mai son babban hoto sai ya ɗauki babban faifai. Aikin kuma ba ya rasa hatsari. Cikin magungunan da take aiki da su akwai guba mai kisa, ruwan azurfa kuwa yana baƙanta duk abin da ya taɓa. Hannuwanta da tufafinta kullum da tabo. Ita da kanta ta ba da labarin yadda takan ruga wurin maigida da jiƙaƙƙen hoto ana cikin cin abinci, ta ɗiga maganin bisa ƙyallen tebur, ya ɓaci har abada.

Abin da ya raba ta da sauran masu hoto

A zamanin nan abin yayi shi ne ƙaramin hoto mai girman kati, wanda wani Bafaranshe mai suna Disdéri ya yi wa rajista a Paris a 1854. Mutum yakan sa tufafinsa na sallah, ya tsaya kusa da ginshiƙi ko labule, a kafa masa wani ƙarfe a ƙeya don kada kansa ya motsa. Hoton yakan fito tsaf, ana iya ƙirga maɓallan riga, amma fuskar ƴar ƙarama ce, kuma kowa ya yi kama da kowa.

Juliya ta ƙi wannan hanya. Ta kawar da ginshiƙi da labule. Takan lulluɓe kafaɗun mutum da baƙin mayafi, ta toshe yawancin hasken ɗaki, ta bar shi ya shigo ta gefe ɗaya kawai, har fuska ta fito daga cikin duhu kamar wata a daren sha huɗu. Ta matso da akwati kusa, kai kaɗai ya cika hoton. Daga baya ta sayi babban akwati mai ɗaukar gilashi na santimeta 38 bisa 30, sai kawunan da take ɗauka suka kusa kai girman kan mutum na gaskiya. Ba ta yarda da ƙarfen ƙeya ba. Tun da hasken kaɗan ne, gilashin kuma babba, tilas mutum ya zauna minti uku, ko biyar, ko fiye, yana numfashi, yana ƙifta ido. Wannan ɗan motsi yana shiga cikin hoton, ya tausasa gefen fuska. Wurin saita idon akwati kuma, in ta ga abin ya yi mata kyau sai ta tsaya nan, ba ta ƙara murzawa don komai ya fito da kaifi.

Hotonta na Herschel shi ya fi nuna abin da take nema. A watan Afrilu na 1867 ta kwashi kayan aikinta ta tafi har gidansa. Yana da shekara 75. Ta sa ya wanke furfurarsa ya bar ta a tashe, ba a taje ba. Mai duba hoton nan zai ga haske ya kama gashin kamar hayaƙi, idanun kuwa sun zurma, sun gaji, irin na mutumin da ya yi shekaru yana kwana a waje yana duban sama. Babu lambar girma, babu littafi, babu abin hangen taurari cikin hoton, amma ko wanda bai san sunansa ba ya san malami ne ke gabansa. A shekarar nan ta ɗauki marubucin tarihi Thomas Carlyle, rabin fuskarsa cikin duhu, ya ɗan motsa, sai hoton ya fito kamar na mutum mai fama da tunani. A 1868 masanin halittu Charles Darwin ya zo hutu Freshwater da iyalinsa, ta ɗauke shi, ya rubuta cewa ya fi son wannan hoto bisa duk waɗanda aka taɓa yi masa.

Mata kuwa ta wata fuska ta ɗauke su. Ƴar ƴar'uwarta, Juliya Jackson, ita ce ta fi ɗauka a matsayin kanta, ba tare da shigar wasa ba, sau da yawa tana duban akwati kai tsaye. Sauran matan yawanci takan yi musu shiga ne, su fito a matsayin mutanen cikin littattafan addinin Kirista ko na tatsuniyoyin Turawa. Ƴar aikinta Mary Hillier, ɗiyar wani baduku na ƙauyen, ta fito a matsayin Maryamu uwar Annabi Isa sau da yawa, har mutanen gari suka mai da abin laƙabinta. Duk wanda ya ratsa ƙofar gidan yana iya faɗawa hannunta: baƙo, ko ɗan maƙwabta, ko mai kawo saƙo. Yara da yawa sun girma suna tuna tsoron da suke ji in ta kama su ta zaunar.

Ba'a da yabo

Mujallun masu sana'ar hoto na Landan sun yi mata ca. Suka ce ba ta iya saiti ba, suka ce aikinta ƙazami ne, suka ƙirga tabon magani da sawun yatsa da tsagewar da ke jikin hotunanta. Ba duka zancensu ne ƙarya ba: hannunta ba shi da tsabtar na ƙwararru, kuma wasu daga cikin gilasanta sun tsattsage bayan ƴan shekaru, abin da ya dame ta ƙwarai. Amma ta ƙi a gyara fuskar mutum da alƙalami yadda ake yi a shaguna, ta kuma riƙa tambaya ko wa ke da ikon yanke cewa saiti kaza shi ne halal. Masu zane da marubuta su suka tsaya mata, musamman mai zane George Frederic Watts, wanda take nuna wa ayyukanta yana ba ta shawara. A 1865 gidan tarihi na South Kensington, wanda yanzu ake kira Victoria da Albert, ya sayi hotunanta 80, daga baya ya ba ta ɗakuna biyu ta yi aiki a ciki. A 1866 ta sami lambar zinariya a birnin Barlin.

Kada a zaci aikin marmari ne kawai na matar mai kuɗi. Gonakin Silon ba su kawo abin da ake tsammani ba, daga 1869 kuma wata cuta ta faɗa wa itatuwan gahawa na tsibirin. Ga ƴaƴa maza da ke bukatar kuɗin karatu. Don haka ta yi wa hotuna kamar 500 rajistar mallaka, ta riƙa sayar da su ta hannun dillalai a Landan. Sai dai abin da take kashewa da abin da take kyautarwa ya hana ribar taruwa. A 1874 Tennyson ya roƙe ta ta yi hotunan da za a sa cikin littafin waƙoƙinsa na labarin Sarki Arthur. Ta sa maigidanta, mai farin gemu har ƙirji, ya fito a matsayin bokan labarin, shi kuwa dariya ta riƙa kama shi tana ɓata gilashi. Aikin ya ci kuɗi da yawa, bai mayar ba.

Yaron Habasha

Akwai hoto guda cikin ayyukanta da ya kamata ɗan Afirka ya tsaya a kansa. A watan Afrilu na 1868 sojojin Ingila suka ci garin Magdala na ƙasar Habasha. Sarki Tewodros na biyu ya kashe kansa don kada a kama shi. Aka ɗauko ɗansa Alemayehu, yaro ɗan shekara 7, uwarsa kuma ta rasu a hanya. Wani hafsa mai suna Tristram Speedy ya kawo shi tsibirin Wight, a shekarar nan aka zaunar da shi gaban akwatin Juliya. An sa masa farin mayafi da abin wuya na ƙasarsu, an jera garkuwa kusa da shi, an shirya shi yadda mutanen Ingila ke son ganin ɗan sarkin da suka ci da yaƙi. Shirin nasu ne. Amma dabarar nan tata ta dogon zama da matsowa kusa ta kama abin da ba a shirya ba: fuskar maraya, wanda bai san inda yake ba, bai san abin da ake so da shi ba. Alemayehu bai sake ganin ƙasarsa ba. Ya rasu a Ingila a 1879 yana da shekara 18, aka binne shi a fadar Windsor. Habasha ta nemi a mayar mata da ƙasusuwansa a 2007, a 2023 kuma fadar Ingila ta sake ƙin yarda. Mai duba hoton nan ya tuna cewa ba kowane wanda ya zauna gaban akwati ne aka nemi yardarsa ba.

Ƙarshen rayuwarta

A 1873 ƴarta tilo, wadda ta ba ta akwatin, ta rasu. Yawancin ƴaƴanta maza suna Silon suna noma, maigida kuma ya tsufa, zuciyarsa na can. A watan Oktoba na 1875 suka shiga jirgin ruwa. Cikin kayansu akwai akwatunan gawa guda biyu, an cika su da tangaran da kayan gilashi, alamar ba su da niyyar dawowa. Kafin ta tashi ta ba wani kamfani na Landan wasu daga cikin hotunanta, ya sake buga su da wata dabara mai aiki da baƙin gawayi maimakon azurfa, don irin wannan bugu ba ya koɗewa.

A Silon aikin ya ja baya. Zafi yana busar da gilashi da wuri, magani da ruwa mai kyau suna wuyar samu, masu saye kuma babu. Hotunan da suka rage daga can ba su fi 30 ba, yawancinsu na ma'aikatan gona ne da ƴan aikin gida. Manyan Ingila ta rubuta sunan kowanensu a ƙarƙashin hotonsa, waɗannan kuwa ba ta rubuta sunayensu ba. Ta rasu ran 26 ga Janairu na 1879 a cikin duwatsun tsibirin, tana da shekara 63. Mijinta ya bi ta a 1880, aka binne su wuri ɗaya.

Abin da ta bari

Duka-duka shekara 12 ta yi tana aiki sosai, amma littafin da ya tattara ayyukanta a 2003 ya ƙunshi hotuna fiye da 1,200. Bayan mutuwarta sana'ar ta sauƙaƙa: busasshen gilashi ya kori jiƙaƙƙe, a 1888 kuma akwatin Kodak ya sa kowa na iya ɗaukar hoto. A lokacin ne wasu masu fasaha suka ga cewa sauƙi ya yi yawa, suka koma ga aikin hannu, suka ɗauke ta a matsayin uwa. A Paris, Robert Demachy ya shahara da wata dabara ta buga hoto da ƙaro, irin ƙaron nan da ake tsinka a dazuzzukanmu, wanda malamai ke sawa cikin tawada. Akan dama shi da launi da wani magani mai jin haske, a shafa ga takarda, rana ta ƙafe inda ta taɓa, a wanke sauran da ruwa da buroshi, sai hoto ya fito kamar zanen hannu. A 1926 marubuciya Virginia Woolf, ɗiyar Juliya Jackson, ta fitar da littafin hotunan kakar tata. Gidan Dimbola yanzu gidan tarihi ne. Har a zamaninmu na waya akwai masu fasaha da suka koma ga jiƙaƙƙen gilashi da gangan, kamar Sally Mann ta ƙasar Amurka.

To, in mai karatu ya gamu da irin wannan hoto, a littafi ko a wurin nuni, kada ya yi saurin cewa ya ɓaci don ya ga duhu ko tabo. Ya fara duba ta ina haske ya shigo, da abin da mai hoton ya zaɓa ya haska, da abin da ya bari cikin inuwa. Ya nemi wurin da ya fi fita sosai, sau da yawa ido ne ko baki, don nan ake so hankalinsa ya sauka. Ya lura da sawun maganin da ya kwarara a gefe, wanda ke shaida cewa hannu ne ya yi aikin, kuma babu wani faifai da zai sake fita daidai da wannan. Sa'an nan ya tuna cewa mutumin da ke ciki ya zauna mintoci yana duban wuri guda, har fuskar da yake nuna wa jama'a ta gaji ta saki, ta gaskiya ta bayyana. Shi ma mai kallo ya ba hoton mintocin nan kafin ya yanke masa hukunci.